Madatsar Tuwo da Farin Ruwan Usta

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma na huɗun rabinsa a gonar auduga na yi shi. Duk wanda ya buɗe wannan rubutu yana neman ilimin injiniyoyi, gara ya rufe ya je ya sha shayi. Amma a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da garin Sinja, ni ne na biyu wajen sanin farin ruwan da ake sanyaya ƙarfe da shi. Na farkon ya rasu, saboda haka babu mai ƙaryata ni.

Na farkon nan taubashina ne, ɗan kawuna. Usta kowa yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk gwanin sana'a a nan. Yana da warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a bayan kasuwar Sinja, rumfar kwano ce mai inji guda ɗaya, tsoho, kore, wanda muke kira makarata. Injin yana juya sandar ƙarfe, wuƙa tana fere ta kamar ana fere rake. Masu lambunan ayaba duk wurinsa suke kawo sandunan famfunan ban-ruwansu idan sun cinye. Ni kuma ina da jaki da amalanke da ganga, ina ɗebo ruwa daga kogi ina raba wa masu shayi da masu warsha. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawa yake kirana. Da na koma ɗebo masa ruwa sai ya ce Allah ne ya tabbatar da magana.

Ga yadda abin yake. Ƙarfe idan ana fere shi zafi yake ɗauka, wuƙar ta ƙone. Sai a sami wani mai na musamman a zuba cikin ruwa, nan take ruwan ya zama fari fat kamar madara. Yana zaune a wani kwatarnin ƙarfe a ƙarƙashin injin, ƙaramin famfo yana ɗauko shi yana tsiyaya wa wuƙar, ya koma kwatarnin, a sake ɗauko shi. Haka yake zagaye yini guda. Hannun Usta kuwa yana cikinsa tun safe, yana taɓa aiki, yana aunawa, yana share ɓarɓashi.

An ce a ƙasashen da Allah ya wadata, idan ruwan nan ya tsufa zubar da shi ake yi. Mu a shekarun da ake bin layin burodi da na fetur, man ya ɓace daga kasuwa. Gwangwanin ƙarshe Usta ya juye shi cikin kwatarnin, daga nan sai dai in ruwan ya ragu in ƙara masa na kogi. Ruwan kogi kuma da damina kun san shi, ja ne wur, rabin ƙasar Habasha yake ɗauko mana. Laka ta shiga, garin ƙarfe ya shiga, baƙin man injin ya ɗiga ya yi yanar gizo-gizo a sama. Madarar nan ta koma launin kunun da ya kwana. Ranar Asabar da safe, bayan hutun Juma'a, idan Usta ya tayar da famfon, mai shayin da ke maƙwabtaka da shi sai ta ja mayafi ta toshe hanci. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, wanda aka ajiye a cikin takalmi.

Da hannayensa abin ya fara. Ƙaiƙayi tsakanin yatsu, sai ƙananan ƙuraje masu baƙin kai, sai fatar ta tsattsage tana tsattsafo da ruwa. Garin ƙarfen yana shiga tsagar ya zauna. Ya je asibiti, ma'aikacin da ya duba shi ya ce ko ya canza ruwa ko ya canza sana'a. Usta ya ce masa ya gode, ya fito.

A ƙauyenmu maza ciyayya muke yi. Bayan la'asar kowa ya fito da akushinsa ƙofar gidan limamin unguwa, a shimfiɗa tabarma, a sa hannu tare. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ranar sa'a da kifi. A wurin nan ake sanin wanda zai aurar da 'ya, da wanda rafinsa ya toshe, da wanda ake jin haushinsa. Namijin da ba ya zama a tabarmar nan, ko mara lafiya ne ko matafiyi.

Babu wanda ya taɓa ce wa Usta ya tashi. Mutanenmu ba sa haka. Sai dai na lura, duk akushin da ya sa wa hannu, mutane suna ci daga nasu gefen har su iso kusa da nasa, su tsaya. Tuwon da ke tsakani ya rage a tsaye, siriri, kamar katanga. Kowa ya ce alhamdu lillahi ya koma wani akushin.

Ni da yake bakina ba ya da ƙofa, na ce, “Usta, ga babbar madatsar ruwa ta Rusairis an gina maka, ba ka ko biya ba.”

Aka yi dariya, har da shi. Ya ce, “Ai bawa ba ya gane darajar sarki. Nawa rabon ne anka keɓe mini.”

Amma washegari da na kai masa ruwa, na same shi tsugune gaban kwatarnin yana kallonsa. Bai ɗago ba ya ce, “Kai mai aji huɗu, mi za mu yi wa ruwan ga?”

Ranar ce na zama injiniya, ba tare da gwamnati ta sani ba.

Na fara da rariyar matarsa. Ta kama manyan ɓarɓashin nan masu kama da gashin tunkiya, sauran duk suka wuce suna mana sallama. Matar ta aiko a tambaya ko da ƙarfe za a yi tuwon yau. Daga nan na sadaukar da rawanina, na ninka shi huɗu na ɗaure a bakin bututun. Wannan ya tace sosai, ya tace har ya hana ruwan kansa wucewa. Kafin shayi ya huce laka ta like shi, famfon ya shiga tari, wuƙa ta yi hayaƙi. Usta ya ce kaina ma bai taɓa barin komai ya ratsa rawanin nan ba, ina ga ruwa.

Abin da nake alfahari da shi har gobe shi ne maganaɗisu. Na ciro shi daga tsohuwar lasifikar masallacinmu da ta mutu, na ɗaura masa igiya na jefa cikin kwatarnin. Da muka jawo shi da yamma ya yi gemu baƙi ƙirin, cikakke, irin na manyan malamai. Muka aske shi, washegari ya sake tsirowa. Na yi ta zagaya kasuwa ina nuna wa mutane. Sai dai rabin aikin Usta na tagulla ne, tagulla kuwa ba ta san maganaɗisu ba. Laka ma haka. Wari kuwa ko kallonsa bai yi ba. Madatsar tuwo tana nan, sai ƙara kauri take yi.

Mahaifiyata, wato gwaggonsa, tana raye a lokacin. Wata rana ya shigo gaishe ta, ya ɓoye hannayensa cikin hannun riga. Ta ce ya fito da su. Ta juya su, ta daɗe tana kallo.

“Ɗan ƙanena, ruwa ne ya yi maka wanga aiki?”

“Shi ne, Gwaggo.”

“Kogin ga da ke cin gari ma, mu mata muna kwantar da shi a randa. Shi naka ruwan ɗan gidan wa ne?”

Gaskiya ta faɗa. Matanmu da damina ba sa ba mu jan ruwa mu sha. Suna ɓare 'ya'yan zogale busassu, su daka, su ƙulla a ƙyalle, su kaɗa a cikin randa. Kafin a jima laka duk ta dunƙule ta sauka ƙasa, ruwa ya tsaya garau. Tun kakanninmu na hanyar Makka suka zauna a gaɓar nan ake yin haka, ba mu taɓa ganin ruwan da ya gagari zogale ba. Ta daka mana da hannunta, cike da ƙoƙo, ta yi bisimilla ta miƙa masa.

Ranar Alhamis da yamma ya kaɗa shi cikin kwatarnin, ya rufe warsha. Asabar da safe muka buɗe tare. Jama'a, ruwa ya kwanta. Garau, har kana ganin ƙasan kwatarnin, inda wani abu mai kauri kamar cuku ya taru, fari-fari da toka-toka. Na daka tsalle na kira mai shayi ta zo ta shaida. Ta sunsuna, ta ce wallahi ya ragu.

Usta bai yi tsalle ba. Shi da hannunsa yake haɗa ruwan nan shekara da shekaru, ya san farin nan shi ne man. Zogale bai san aboki da maƙiyi ba, duk abin da ya tarar yana yawo a ruwa sai ya kwantar da shi. Ya kwantar da laka, ya kwantar da garin ƙarfe, ya haɗa da gwangwanin ƙarshe na man da ya rage a warshar. Abin da ke sama ruwa ne zalla. Ni ban gane ba sai daga baya. Shi ya gane tun kallon farko. Ya sa yatsa ciki, ya murza, ya ce, “Bawa, kwashe cukun ga ka zubar.” Ya tayar da injin.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu daɗin. Warin ya tafi. Tsagar hannunsa ta fara bushewa, ƙurajen suka yi ɓawo. Wata la'asar a tabarma, liman da kansa, yana cikin ba da labarin wani rikicin iyakar gona, ya kai hannu ya yanki lomar da ke jikin gefen Usta ya kai baki. Bai ma san ya yi ba. Sauran suka bi. Akushi ya tashi fes.

Na ce, “Innalillahi, madatsa ta ɓalle, mutanen Sinja ku hau tudu.”

Usta ya sunkuyar da kai yana suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a gaban kowa.

A warsha kuwa kullum da safe sai in tarar da shi yana goge gadon injin da tsumma, tsumman yana fitowa ja. Na tambaya, ya ce lakar da nake kawo masa ce. Ashe tsatsa ce. Ruwa zalla yana kwana a kan ƙarfen da ya shekara yana shan mai. Ya san haka, ya ci gaba, don la'asar tana zuwa da ciyayyarta. Wuƙaƙensa suka riƙa dakushewa da wuri. Ƙaramin famfon ya cije wata safiya, bai sake juyawa ba. Gadon injin, wanda dole ya kasance sumul kafin aiki ya fita daidai, ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Masu lambu suka fara dawo da sanduna, wai suna rawa a cikin famfo, ayaba tana bushewa.

Iyali ba sa cin ciyayya, abinci suke ci. Usta ya koma abin da ya rage, baƙin man da ake juyewa daga cikin taraktoci. Yana ɗiba a gwangwani yana ɗiga wa wuƙa da hannu, hayaƙi yana tashi. Cikin ɗan lokaci hannayen suka buɗe fiye da da, har wuyan hannu. Ya fito tabarma sau ɗaya. Madatsar da aka bar masa ranar ta kai rabin akushi. Ban yi tsokana ba, kuma ina jin shirun nawa ne ya fi yi masa ciwo. Bai sake fitowa ba.

Tun da na yi alkawarin ilimi, ga shi, kyauta. Ruwan kogin ake kwantarwa da zogale tun yana cikin ganga, a tsiyaye, sannan a zuba mai. Maganaɗisu ya zauna a kwatarni. Na gano wannan da kaina, kuma daidai ne. Sai dai sanda na gano babu man da za a gwada da shi. Da man ya dawo kasuwa, shekarun da fetur ya fito a ƙasar nan, fatar Usta ta riga ta ɓata da shi, ko ɗigo ya taɓa shi sai ta tashi. Kuma kayan famfo na China sun cika shaguna, sabo ya fi gyara sauƙi. Na kai wa masu warsha biyu ilimina, ɗaya ya ba ni shayi, ɗayan ya ce in kawar da jakina daga ƙofa.

Usta ya rufe warsha ya dawo gida. Injin yana can aka bar shi, awaki suna kwana a ƙarƙashinsa. Hannun ya lafa amma bai warke ba, fatar ta yi kauri, baƙa, tana tsagewa duk sanyi. A zaurensa yake ci, shi kaɗai. Na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na fara ɗaukar akushina ina kai masa maimakon tabarmar liman. Na ce bawa ya zo cin ragowar ubangidansa.

Muna ci, sai na ga yana tsayawa tun bai iso tsakiya ba. Shi da kansa yake gina madatsar yanzu, a hankali, yana daidaita gefenta da yatsa kamar aikin da zai auna. Na kai hannu na yanko daga gefensa na kai baki, na tauna da ƙarfi don ya ji.

Ya dube ni. Ya jawo buta ya wanke hannu.

“Na ƙoshi,” in ji shi.

Bai ci rabin abin da ya saba ci ba. Washegari na sake gwadawa, ya sake ƙoshi. Mutumin ramewa yake yi a gabana, saboda haka na daina. Na ci nawa gefen, ya ci nasa, muka bar na tsakiya a tsaye. Matarsa tana kwashewa ta ba kaji. Haka muka yi ta ci har shekarar da ya rasu.