Tarihin Baba Kafinta da Bencin da Ya Sassaƙa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi, wanda duk unguwa ta sani da Baba Kafinta, a shekarar 1941, a ƙaramin garin da iyayensa ke zaune, a wani ɗaki guda da ke bayan kasuwa. Mahaifinsa magini ne da ake yabon hannunsa, mahaifiyarsa kuma mai wankau ce, kuma shi ne ɗansu na biyu cikin huɗu. Mai wannan rubutu, wanda ya riƙe muƙamin magatakardan ikkilisiya shekara talatin da ɗaya, ya tsara tarihin ne bisa roƙon iyalin, da sharaɗin ba zai shafa wa kowa mai a baki ba, har da kansa.

Maginin nan mutumin kirki ne in bai sha ba, sai dai kwanakin da bai sha ba ƙalilan ne. A shekarar 1952, da hantsi, ya hau tsani da giya a cikinsa, ya faɗo daga saman bene na biyu, bai ƙara motsi ba. Baba Kafinta yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma shi aka aika ya kwaso takalman uban. Duk wanda zai yi masa hukunci a kan abin da ke tafe, ya fara tuna wannan.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya yi shekara huɗu kacal a makarantar ikkilisiya, daga 1950 zuwa 1954, sannan aka kai shi wurin wani kafinta ya koyi aiki, inda ya share shekara shida tsakanin zarto da guduma. A shekarar 1958 aka yi masa baftisma a ɗarikarmu, wadda ta haramta wa mabiyanta giya kwata-kwata, har ma a Jibin Ubangiji ba a amfani da ruwan inabi mai sa maye, sai zaƙaƙƙen jan ruwa da ake zubawa a ƙananan kofuna, kowa da nasa. A ranar ya sa hannu a katin alkawarin ƙaurace wa giya, ya yi wa katin firam da kansa, ya rataye shi a kan teburin aikinsa. Ya buɗe shagonsa a 1961, kuma ba a daɗe ba aka san shi da abu biyu: ƙusarsa ba ta fita, maganarsa ba ta komawa.

Aure da Zuriya

A shekarar 1965 ya auri wata ungozoma, mace mai fara'a da tsokana, wadda ita kaɗai ce a duniya ke iya yi masa dariya a gabansa ta kwana lafiya. Takan ce ta auri katako ne, sai dai katako mai kyau. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Na farinsu, wanda aka haifa a 1967, tun yana rarrafe uban ya laƙaba masa Magaji, domin shi ya ƙudura zai gaji shagon, kuma yaron ya taso da hannun uban, da shirunsa, da taurin kansa, babu abin da ya bari.

Hidimarsa a Ikkilisiya

An zaɓe shi dattijon ikkilisiya a 1974, aka kuma danƙa masa shirya kofunan Jibi a Lahadin farko ta kowane wata. A shekarar 1976, da shaye-shaye ya yi yawa tsakanin mazan ikkilisiya, majalisar dattawa ta nemi ya tsara doka, shi kuwa ya tsara ta kamar yadda yake haɗa ƙofa, babu kafar da iska za ta bi. Dokar ta ce duk wanda giya ta wuce leɓensa, ko ɗigo ɗaya ne, ko a ina ne, ko don mene ne, zai shiga horo na Lahadi ashirin da shida: ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa, kuma a tsallake shi ranar Jibi. Shi ya sassaƙa bencin, kuma da gangan ya hana shi majingina, yana cewa wanda ke tuba ba hutu ya zo yi ba.

Gaskiya ɗaya ce, dokar ta yi aiki. Akwai direban babbar mota da ya zauna a bencin har sau biyu, ya fito ya zama mutum, kuma akwai mata da yawa da suka riƙa sa wa Baba Kafinta albarka saboda mazansu sun koma kwana a gida. Wannan nasarar ce ta sa babu wanda ya sake duba kalmomin dokar.

Auren Magaji

A shekarar 1993 Magaji ya kawo maganar wata ma'aikaciyar jinya, 'yar wata ɗarika dabam. Su a wurinsu buguwa ce zunubi, ba shan ba. Suna koyar da kamewa da sanin iyaka, kuma a Jibinsu ruwan inabi na gaske ake zubawa a ƙoƙo ɗaya, kowa ya kurɓa. Mahaifin yarinyar, tsohon malamin makaranta, yakan sha kofi guda bayan abinci, ba a kuwa taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Surukan biyu sun taɓa gwabzawa a kan wannan a shagon. Malamin ya tuna masa cewa Almasihu da kansa ya mai da ruwa ruwan inabi a wurin biki, marigayi ya amsa da cewa, "Malam, ku da kuka san iyaka, sai ku gode wa Allah. Ubana ma kullum cewa yake ya san iyaka." Suka rabu kowa da ayarsa, amma aka sa rana.

An ɗaura auren ranar Asabar, 9 ga Afrilu, 1994, a majami'ar su amarya. A ƙarshen sujada aka miƙa wa ango da amarya ƙoƙon, Magaji ya kurɓa, uban yana layin gaba yana kallo. Ranar bai taɓa abincin biki ba.

Ranar Alhamis, 14 ga wata, ya kawo ƙarar ɗansa gaban majalisa da bakinsa. Faston wancan lokaci ya yi ta lallashinsa cewa wannan Jibi ne, ba mashaya ba, shi kuwa ya ce, "Fasto, in na ɗaga wa ɗana ƙafa, da wane ido zan kalli direba? Ɗigo ɗigo ne." Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka goyi bayan horo, uku suka ƙi. Hannu na huɗun na mai wannan rubutu ne, kuma ba don ya gamsu ya ɗaga shi ba, sai don yana jin nauyin Baba Kafinta. Wannan abu yana cin ransa har gobe.

Magaji ya zauna a bencin Lahadi biyu shi kaɗai. A ta uku, 1 ga Mayu, ranar Jibi, amaryarsa ta zo ta zauna kusa da shi, da aka ce ta tashi ta ce, "In laifi ne, ai tare muka sha." Uban ne ya zagaya da farantin kofuna, ya zo daidai kansu ya wuce bai ko waiwaya ba. Da aka tashi, sai aka tarar Magaji ya bar makullinsa na shago a kan bencin. A cikin makon Magaji ya kwashe matarsa suka koma wani gari mai nisan yini guda a mota, ya shiga ɗarikarta, ya buɗe nasa shagon.

Shekarun Rabuwa

Shekara ashirin da biyu uba da ɗa ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Babu wanda ya zagi wani, kuma da ma sun yi zagin da ya fi sauƙi. Ungozoma, mahaifiyar Magaji, ita ce ke zirga-zirga tsakani, ita ta karɓi haihuwar jikokinta uku a can, takan dawo ta ajiye hotunansu a kan teburin aikin mijinta, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba, amma ba ta taɓa samun ƙurar katako a kansu ba. An shaida cewa a duk shekarun nan Magaji bai taɓa sayen kwalba ba. Abin da ke shiga bakinsa shi ne kurɓin nan na ranar Jibi.

Ungozoma ta rasu a watan Yuni na 2009. Kwana biyu kafin nan, a gadon asibiti, ta ce wa mijinta a gaban 'ya'yanta mata, "Baban Magaji, ka yi wa duk garin nan kujeru masu majingina, ɗanka ka ba shi benci. Ni na gaji da kai saƙo." Magaji ya zo jana'iza, ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa, ya tambaye shi hanya, shi ke nan. Bayan kwana uku Magaji ya koma.

Tsufansa

A watan Fabrairu na 2016 autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta ɗauki kwalbar maganin tarin da ya shekara takwas yana sha saboda ƙurar katako, ta karanta abin da ke jikinta, ta fashe da dariya ta ce, "Baba, ashe kai ma ɗan hannu ne? Ai akwai giya a cikin wannan." Ita wasa take yi. Shi kuwa ya karɓi kwalbar, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

A zaman majalisa na gaba ya kawo ƙarar kansa. Sabon Fasto, saurayi mai hankali, ya danne murmushi ya ce, "Baba, wannan magani ne. Allah niyya yake dubawa." Marigayi ya ce, "Ashe akwai niyya a dokar? Ni na rubuta ta, ban sa ba. Na sha cokali cokali don ƙirjina, kun ce ba laifi. Yaro ya kurɓa sau ɗaya don Ubangijinsa, muka kore shi." A ranar majalisa ta soke horon Magaji, ta kuma gyara dokar, aka rubuta masa wasiƙa. Amsarsa layi biyu ce: ya gode, kuma ya yafe tun tuni. Amma bai zo ba.

Sai marigayi ya sanar cewa Lahadi uku kawai ɗansa ya zauna, saura ashirin da uku, kuma shi zai cika su, ba zai ƙara taɓa kofin Jibi ba sai tare da Magaji. Fasto ya ce babu dokar da ta nemi haka, shi kuma ya ce babu wadda ta hana mutum zama inda ya ga dama. Daga 6 ga Maris, 2016, tsoho mai shekara saba'in da biyar da ciwon baya ya koma bencin da ba shi da majingina, awa uku kowace Lahadi, idonsa a kan ƙofa. Ya kamata a rubuta cewa bai canja ra'ayinsa game da giya ba ko da taki ɗaya. Har ƙarshe yana cewa rigakafi ya fi magani. Abin da ya yi nadama a kai shi ne ya auna ɗansa da ma'aunin ubansa.

Auta ta riƙa kai wa yayanta labari ta waya. Magaji ya yi kuka, in ji ta, amma ɗan ubansa ne, sai ya ce, "Bar shi ya cika. Ranar ta ƙarshe zan zo in zauna kusa da shi, kada ki gaya masa." Ta kuwa riƙe amanar. Ranar ta ƙarshe ita ce 7 ga Agusta, Lahadin Jibi.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Marigayi ya zauna Lahadi ta ashirin da biyu ranar 31 ga Yuli. Ranar Laraba, 3 ga Agusta, 2016, da la'asar, aka same shi a shagonsa zaune, ya jingina da teburin aiki, rai ya yi halinsa. A aljihun rigarsa akwai makullin nan na 1994. Ya tafi bai san ɗansa ya riga ya sayi tikitin mota ba.

An yi masa sujadar jana'iza ranar Asabar, 6 ga wata, Fastonmu da limamin ɗarikar surukansa suka tsaya tare a bakin kabari, aka binne shi kusa da matarsa. Washegari, Lahadi ta ashirin da uku, aka keɓe wa iyali layin gaba, amma Magaji ya wuce kai tsaye zuwa bencin baya, matarsa ta bi shi. Mai wannan rubutu ne ya zagaya da farantin, kuma wannan karon ba a tsallake kowa ba. Magaji ya ɗauki kofi, ya dubi gefensa inda babu kowa, ya ce a hankali, "Baba, ta cika." Sannan ya sha.

Marigayi ya bar 'ya'ya biyar: Magaji, kafinta; mai bi masa, malamar makaranta; na uku, makanike; ta huɗu, tela; da Auta mai kantin magani; da jikoki goma sha huɗu, uku daga cikinsu bai taɓa ɗaukarsu a hannunsa ba. Ubangiji ya ba shi hutawa, mu da muka ɗaga hannu kuma ya gafarta mana.

Ranar Litinin da safe Magaji ya buɗe shagon da tsohon makullinsa, ya sa aka ɗauko bencin daga majami'a, ya yini yana yi masa majingina. Bencin yana nan bakin ƙofa har yau, tsofaffi ne ke zama a kai.