Mai Gyaran Rediyo da Kwamfutar Mutane

Ina tsaye a kasuwar Gummi, ga wani dattijo a rumfar gyaran rediyo, tabaransa ɗaure da zare, kuncinsa cike da goro. Gabansa kwamfuta ce, ya buɗe cikinta kamar mahauci. Mai ita, wata malamar asibiti daga Bukkuyum, ta kawo sabon katin kama intanet a sa mata, don gobe za ta rubuta jarrabawar ƙarin girma da ita.

"Baba, ka dai taɓa yi ko?"

"Ɗiyata, wagga ai rediyo ta, murfi dai anka yi mata."

Yana jawo siririyar wayar da ake maƙala wa katin, ya kai baki, ya feƙe ta da haƙori yadda ya saba. Ɗan kan da ke maƙalewa ya bi tukar goro zuwa ƙasa. Raina ya ɓaci. Ina jin tun da wayar hannu ta kwashe masa ciniki, "ban iya ba" ta fi ƙarfin bakinsa.

Ya sa katin haka nan, ya kunna, shiru. Ya ɗaga kai yana harar sama.

"Yau sabis ya gudu daga Gummi."

Baiwar Allah, ita ma sama take kallo.