Lakar Kifin Shak

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Laraba, mu uku ne a tsakar gidanmu a unguwar Mamobi: ni, da yayana mahauci, da matarsa. A gabanmu akwai bokitin ƙanƙara da babu komai a ciki sai ruwa.

Ga yadda aka yi. A lokacin ina cikin wata na uku na gwaji a wani ɗakin bincike, ina wanke kwalabe. Daktan da nake yi wa aiki yana nazarin farin rufin da ke naɗe da jijiya, kamar roba a jikin wayar lantarki. Ya koya mini bi da bi. Da farko kitse ne, ninki a kan ninki. Sannan furotin da ke manne ninkin kada ya warware. In ya warware, saƙo ba ya gudu a jijiya. Yana so ya san ko furotin ɗin kifin shak, kifin tekun nan mai kaifin haƙora, irin na mutum ne. Abin da yake buƙata shi ne ƙwaƙwalwa da lakar baya, ɗanyu, masu sanyi. Sau biyu na kawo sun lalace a hanya. Ya ce na uku shi ne na ƙarshe.

Ran nan na wuni a bakin teku har masunta suka fito da guda. Da na samu, Dakta ya riga ya tashi daga aiki, sai na kawo gida in kai da safe. Na rufe bokitin da buhu, na tafi La'asar.

Na dawo na tarar Yaya ya gyara kifin tsaf. Ya tsaga ƙashin baya, ya zare lakar, ya kwashe ƙwaƙwalwar, ya watsa a kwata. Matarsa har ta fara zuba wa naman gishiri.

"Yaya, ina farin abin?"

"Wanne? Laka? Na yar. Wa ke cin wannan?"

"Shi aka aike ni in kawo."

"To Daktan naka kyanwa ne?" Ya yi dariya. "Ɗauki nama ka kai masa, ya gode maka."

Matarsa ta ce, "Ƙanina, ai taimakonka ya yi."

Gaskiya ta faɗa. Tun mahaifinmu, haka ake gyaran nama a gidanmu.

Washegari na kai naman. Dakta ya duba, ya cire tabarau, ya murza ido. Bai yi faɗa ba. Ranar Juma'a aka sallame ni.

Na koma rumfar Yaya. Shekara da shekaru ina zare lakar shanu ina yarwa, kullum sai na dube ta kafin in saki. Yanzu na tsufa, wuƙa ma nauyi take yi mini.

Ban taɓa jin amsar ba. In kai ɗan boko ne da ya karanci jijiya, ka biyo ta layin mahauta a kasuwar Nima bayan Azahar, ka gaya mini: furotin ɗin nan na shak, irin namu ne ko kuwa?