Baraka da Yashin Bakin Teku

A unguwar Nakkasa da ke Makka, idan ka ji sanda tana sauka a kan kafet tun rana ba ta yi zafi ba, kana kuma jin mita tsakanin bugu da bugu, to Baraka ce a saman soronta. Wankin darduma da kafet ne sana'arta, shekara talatin da 'yan kai. Tabon shayi ba ya damunta, maiƙon shinkafa da nama ma haka, ko fitsarin yara ba ya ɗaga mata hankali. Abin da ta ƙi jini a duniya shi ne yashin bakin teku.

Su kuwa mutanen Makka, da alhazai sun watse, sai ka rantse kiransu ake yi. Kowa ya naɗe kafet, ya ɗauki butar shayi da gawayi, ya cusa yara a mota, sai bakin ruwa. Su ci kifi, su yi hotuna, su dawo su jibge wa Baraka abin da suka kwaso. Har ta kai ba ta tambayar inda aka je. Yashin Shu'aiba kaushi gare shi, ga ƙarnin kifi. Na Jidda kullum a cakuɗe yake da tokar shisha da cingam. Na Umluj shi ne shugaban masifa: fari tas, laushi kamar garin tuwo, ka buga, ka wanke, ka shanya, washegari ka ɗaga kafet ya sake zubo maka a ido.

Da a ce kafet ɗin kaɗai ake kawo mata, da da sauƙi. Sai an haɗa mata da labari. Akwai Samah, wata maƙwabciya haifaffiyar Makka, wadda Hausarta rabi Larabci ce, ba ta taɓa ajiye wanki ta tafi salin-alin ba.

“Ya Hajja Baraka, wallahi bahar ɗin marra hilu, kyau ba a magana! Ruwan shuɗi ne, kina ganin ƙafarki a ciki. Ki zo mu je mana, ko sau ɗaya.”

“In ga mi? Ai bakin tekun duka kin kwaso mini shi cikin kafet. Mi ya rage can?”

Gaskiyar maganar ita ce Baraka ba ta taɓa ganin teku ba, duk da yake tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Daga Tawa suka zo aikin Hajji ita da mijinta Isufu, kuma tun da jirgi ya tashi ta runtse ido ta damƙe carbi, ba ta buɗe ba sai da aka sauka. Suka gama Hajji suka zauna. Isufu yana dakon kayan alhazai a Mina, ita tana taya girki a Arfa, kafin ta koma wanki. Ikama, takardar izinin zama, ba su taɓa samun ta ba. Marar ikama kuwa ya san cewa fita daga Makka ba wuya, komawa ce aiki, saboda shingen bincike da ke bakin gari.

Da Isufu ya rasu, aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Tun daga ranar burin Baraka ya zama guda ɗaya tak: ita ma a sallace ta a can, a kwantar da ita a ƙasar da yake kwance. Shi ya sa ko da wasa ba ta leƙa wajen gari. Ina dalilin mutum ya tafi kallon ruwa, ajali ya riske shi a inda ba a san shi ba? In lokacin salla ya yi, sai ta ɗaga kai ta hango doguwar hasumiyar agogo da ke tsaye kan Harami, ta shimfiɗa dardumar Isufu ta fuskance ta. Dardumar nan kuwa ko ƙwayar yashi ba ta taɓa yarda ta hau kanta ba.

Ana nan, wata safiya aka wayi gari da jan fenti a bangon gidansu, an rubuta izala, wato rusau. Maƙwabta suka fara watsewa. Baraka ta yi ta hawa da sauka a duwatsun unguwanni tana neman ɗaki har gwiwoyinta suka kumbura, ko'ina tambayar ɗaya ce, ina ikama? Tana da 'ya ɗaya, Ramlatu, wadda ke aure a Lis, wani gari na bakin teku can kudu, inda mijinta Mahmudu yake tuƙa motar kifi. Ramlatu ta zo da kanta ta tsuguna gaban uwar.

“Ummi, halas. Ba za ki kwana a titi ina raye ba. Ga ɗaki can, tagarsa ma bahar take kallo.”

“Ke ma da bahar ɗin za ki zo mini? In na fita, wa za ya maido ni? Ki gaya mini gaskiya, ɗiyata.”

Ramlatu ta sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ta fi jan fentin yi wa Baraka ciwo.

Ta ja lokaci iya ƙarfinta. Sai da motar rusau ta cinye gidan su Samah, ƙura ta lulluɓe kafet ɗin ƙarshe da ta shanya, sannan ta naɗe dardumar Isufu ta rungume ta, ta shiga motar surukinta. Mahmudu, bawan Allah, yana son ya faranta mata, sai ya ratse Shu'aiba ya tsaya dab da ruwa.

“Hajiya, bismilla, ki fito ki sha iska. Kowa da ya gan shi sai ya yi tasbihi.”

Ta fito tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Yashi ya cika mata silifa nan take, mai kaushin nan, ta san shi sarai. Ta dubi tekun. Abin haushi, Samah ba ta yi ƙarya ba. Ruwa ne har iyakar ganin ido, yana zuwa yana komawa, ga iyalai sun baje kafet iri-iri a kan yashi hankali kwance.

“Dubi can,” ta ce da Ramlatu, “ko leda ba su sa a ƙasa ba. Allah ya ji ƙan wadda za ta wanke.”

Sai aka kira la'asar daga wani ɗan masallaci. Baraka ta yi alwala da ruwan gora, ta miƙe, ta ɗaga kai yadda ta saba. Ba hasumiya. Ta juya dama, ta juya hagu: sarari, ruwa, motoci. Ta tsaya riƙe da darduma, tsohuwa da furfurarta, ba ta san inda za ta sa gaba ba. Tambayar da rabonta da yi tun a Tawa tana amarya, ita ce yau ta fito mata a baki.

“Malam Mahmudu, ina alƙibla?”

Ya nuna mata wajen wasu duwatsu masu nisa, ta inda suka fito. Tekun ya koma bayanta gaba ɗaya.

“To ka gani,” ta ce, tana share ido da bakin mayafi. “Kun jawo ni tun daga can in ga ruwa, ga shi nan sai na ba shi baya.”

Ramlatu ta ruga mota ɗauko tabarma. Baraka ba ta jira ta ba. Ta warware dardumar Isufu a kan yashin, ta gyara mata baki da ƙafa, ta fuskanci Makka ta tayar da salla.