Sunan da Inna take kiransa

Da safen nan ina shirin fita ofis aka bugo mini waya: Dakta Lawal ya rasu. Zazzaɓin kwana biyu. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa a Daura.



Malamin kimiyya ne. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yadda ƙananan ɓarɓashin ƙwayar zarra ke karo da juna cikin tsananin gudu. Na san shi ne ranar da na rubuta "fashewa" a rahotona kan aikinsa. Ya kira ni yana dariya: "Malam ɗan jarida, karo suke yi, ba bam ba ne." Ya zaunar da ni ya koya mini, bai taɓa gajiya da tambayoyina ba.

Makon jiya na same shi a gida, ya kifa fanka kan laftof ɗinsa. Ya ce, "Turawa na da ƙaton injin ƙarƙashin ƙasa na wannan bincike, ni ina da wannan tsohuwar da sola. Kada ka taɓa ta, aikin Rukayya take yi."

Rukayya ɗalibarsa ce. Jibi za ta kare digirinta na biyu, kuma duk sakamakonta na cikin laftof ɗin. A kulle take. Ƙarƙashin gurbin kalmar sirri ya bar tuni: "sunan da Inna take kirana."

Mun gwada Lawal. Mun gwada Lawandi, mun gwada Auwalu. Saura gwaji ɗaya ta rufe gaba ɗaya.

Da la'asar na durƙusa gaban mahaifiyarsa a wurin zaman makoki, cike da kunya, na tambaye ta.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗana, ɗan fari ne fa. Ban taɓa kama sunansa ba. 'Kai' kawai nake cewa, ya juyo."

Sai ta ce a hankali, "Lawal." Ta rufe fuska.

Da na koma, Rukayya ta rubuta "Kai", haruffa ukun nan, ta kasa dannawa. Ni ma na kasa. Don girman Allah, wanda ya taso tare da shi a Baure, in ka taɓa jin wani suna daban, ka neme ni kafin gobe.

Ya Allah, ka yafe wa Lawal, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya zuciyar Inna. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, ya sa Rukayya.