Abin da Na Kira Makara

Ranar wata Laraba, ana tsakiyar cirar auduga, matata Hajjo ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama bai sake motsi ba. 'Ya'yanmu biyu sun riga mu gidan gaskiya, sai ni da ita. 'Yan dubiya suka yi kwana uku suna Allah ya sawwaƙe, suka koma gonakinsu. A rana ta huɗu mutum ɗaya ya yi sallama a zaure, ya miƙo mini karan dawa, ya ce in auno masa tsawonta. Kowa ya san a wace rana ake auna mutum da kara. Na auno, amma na riƙe shi a zuci.

Maitama masassaƙi ke nan, na unguwarmu da ke bayan ganuwar garin Ƙarfi. In ya sallame asuba sai ya zauna gindin kanya da gizagonsa, turmi ne, akushi ne, ƙotar fartanya ce, har azahar. Bayan la'asar kuma ya shiga aikin da ba wanda ya sa shi. Shi ya ja wa Kulu makauniya igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa makewayi, ta daina jiran mai ja-gora. Shi ya yi wa tsoho Bature sanda mai ƙafa uku, ya koma sallar jam'i bayan an fid da rai. Hajjo kuwa ya yi mata kujera mai rami a tsakiya, da kasko a ƙarƙashi, ya ba ni igiya in rataya a azara ta riƙa kamawa tana tashi zaune. Bayana ya huta. Ban faɗa masa ba.

Sai ya zo da na ƙarshen: gwangwala biyu dogaye, an saƙa igiyar rama a tsakaninsu, ga majingina, ga ɗamarar fata.

"Abin fitar da Gwaggo Hajjo shan hantsi ne, Malam."

"Matata na numfashi ka kawo mini makara? Wane malami ya karantar da kai wannan?"

"Ni ban yi karatu ba, Malam. Na dai ga ba ka iya ɗaukarta."

Daga ɗaki Hajjo ta ce, da harshenta da ya yi nauyi, "Malam, in ka gama wa'azin, ni rana nake so in gani."

Na kore shi a gaban mutane. Ya saɓa abinsa ya tafi.

Wata biyu bayan haka, da hantsi, aka yi kuwwa: mahara sun ƙone ƙauyen gabas, suna tafe. Unguwa ta watse, kowa ya nufi ƙofar gari kafin a rufe. Na goya Hajjo, muka faɗi a tsakar gida. Na sake, muka faɗi a zaure. Waɗanda na koya wa karatu suka wuce da awakinsu, ba wanda ya waiwayo. Hayaƙi ya tashi a bayan gonaki.

"Ajiye ni ka tafi," in ji ta.

Kai ne ka dawo, Maitama. Ka riga ka kai iyalinka cikin gari, ka sake fitowa kana ratsa masu gudu, da abin nan a kafaɗa. Ka ɗaure ta da ɗamarar, ka ce, "Kama gaba, Malam, ni ne a baya." Sai daga baya na gane cewa na baya shi kibiya ke fara samu. Muna jin ihunsu muka iso, an tura ƙyaure saura kamu ɗaya. Ka cusa kan gwangwala a tsakani, ka daka wa mai gadin ƙofa tsawa, "Mai rai ce! Buɗe!"

Hajjo ta ƙara shekara huɗu. Kullum a kan abin nan take shan hantsi, tana yi mini dariya da rabin baki. Ran da ta rasu na ga makara ta gaskiya. Ba ta da majingina.

Yanzu Maitama ya tsufa, ya ajiye gizago, kunnensa ya toshe sarai. Allah ya saka masa da alheri. Ku masu ƙarfi, akwai tsohuwa kwance a bayan kowace zana ta garin nan. Wanda ya iya riƙe gizago ya je ya ga yadda ake ɗaurin kafin mai shi ya tafi.

Na je in faɗa masa jiya, bayan shekara tara ina shiri. Na ɗaga murya har kaji suka watse. Ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau, Malam." Karatu kuma bai iya ba, balle ya gani a nan.

Maitama, ba makara ba ce.