Kujerar Kaka

Ƙamshin soyayyen nama da warin albasar da ke shanye a bayan rumbu, su nake fara ji idan na tuna washegarin Babbar Sallar nan a Bodinga, shekarar da sabulu da madara suka ɓace daga kasuwa. Ina aji biyu a firamare. Kakata ta zo mana daga Shagari da ƙwaryar man shanu, Baba kuma ya kira mai hoto. Fim ya yi wuya, don haka ɗauka ɗaya za a yi wa gidan duka.

Mai hoton ya jera mu a jikin katanga, ya zaunar da Kaka a kan 'yar kujerarta can gefe, sannan ya yi ta ja da baya har bakin zaure. Ni kuwa fuskarta nake so. A kumatunta akwai tsagar gado, siraran layuka kamar kunyoyin gero, waɗanda nake bi da yatsa idan tana tsefe mini kai. Na ce masa ya matso kusa da ita.

"Ke ɗiyag ga, koma layi," in ji shi. "Tsohuwa daga nesa ta hi kyau."

Aka yi dariya. Ban koma ba. Na kama ƙafar kujerar na yi ta ja, Baba na daka mini tsawa, har na kai Kaka gaban kowa. Mai hoton ya gaji, ya danna.

Da hoton ya iso, kowa ya fito tsaf, ƙanana kamar 'ya'yan kuka. Kaka kaɗai ta zama hayaƙi. Aka ce ni na ɓata, kuma kafin wata Sallar Kaka ta rasu. Har na girma ban yarda na yi laifi ba.

Bana na shiga wani shago a Sakkwato neman kyamarar zamani, wadda ba ta buƙatar fim. Mai shagon ya dage sai na sayi mai janyo abu daga nesa. Na ce masa nesa ta ishe ni. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan hannun Inna, mahaifiyata, har na sami wadda ta fito da lallen farcenta da kantar taɓarya a tafinta. Ita na zaɓa, kuma da ita nake ɗaukar mutanen gidanmu suna tankaɗe, suna hamma, ba wanda nake jerawa a katanga.

A motar komawa ne Inna ta dubi hoton hannunta, ta yi murmushi.

"Ke kina zaton ƙarhinki ne ya ja kujerar Kaka ranar hoton nan? Ɗaga jikinta ta riƙa yi, tana taya ki."

Hayaƙin ma, in ji Inna, ba kusancin ba ne. Dariya Kaka take yi har kafaɗunta na rawa.